Mutum Tara da Suka Daina Zuwa

Shekara ashirin da biyu Nevyana Stoycheva ta yi a sashen ciwon daji na wani asibiti a birnin Plovdiv, ba ta taɓa riƙe allura ba. Lissafi ne aikinta. Ita ke auna ko maganin da ya hana ƙari girma yana ƙara wa mutum kwana, ko kuwa hoton asibiti kawai yake gyarawa. Ba mai gode mata, don ba ta cika kawo labari mai daɗi ba.

A gwajin sabon magani na bana kuwa ita ma tana da nata a ciki. Ƙanwarta Bistra na kwance da ciwon, tana jiran a amince da sabon maganin. A takarda, masu shansa sun fi masu shan tsohon magani daɗewa a raye, har shugaban sashen, Farfesa Kalchev, ya koyi murmushi. Sai dai mutum tara daga cikinsu sun daina zuwa, wayoyinsu a kashe.

"Rubuta suna da rai ranar da muka gan su ƙarshe," in ji Farfesa. "Ƙa'ida ta yarda."

"Ta yarda in ƙaura suka yi, Farfesa. Wanda ciwo ya hana shi hawa bas fa?"

"Kai, Nevyana, kin cika neman magana! Ke likita ce?"

Abin ya ƙona mata rai ƙwarai. Amma ta san mutanenta. Ba za su bugo wa asibiti ba, sai dai ba a yin rasuwa a ƙauye ba a liƙa sanarwa a ƙofar gida ba, da hoto da kwanan wata. Asabar biyar ta yi tana hawa duwatsun Rodopi, tana bin ƙofa ƙofa da biro. Inda ta tarar da sanarwar cika kwana arba'in da rasuwa, sai ta ƙirga baya. A kowace ƙofa fatanta shi ne ta tarar da ƙyaure babu takarda. Sau biyu kawai ta samu haka.

Da ta shigar da ranakun rasuwar sauran bakwai ɗin a lissafi, ratar da ke tsakanin magungunan biyu ta rufe ruf. Farfesa ya duba, ya tura mata takardar.

Da yamma ta kai wa Bistra miyar wake. Bistra ta yunƙura ta zauna, idonta na haske.

"Yaya, kin gama lissafin? Yaushe za su ba ni?"

Nevyana ta yi ta juya miyar da cokali.

"Sha tukuna," ta ce, "kada ta huce."