Gwangwanin da Na Kai Lyon

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin nan ta Lyon ba, kuma ko na so mantawa akwai wadda ba za ta bari ba. Tun kafin wani ya riga ni faɗa muku, wawan labarin ni ne. Na lura ku yaran yanzu in kuna ba da labarin aiki, kullum ku ne gwanaye, patron, wato maigidan aiki, shi ne sakarai. Ni na tsufa, na ajiye aiki, ba mai korata, saboda haka zan faɗi yadda aka yi.

Kulob ɗin harbin da na yi wa aiki yana arewacin Paris, ba nisa da La Courneuve inda nake zaune. Ba bariki ba ne, ba kuma maɓoyar ƴan fashi ba, kamar yadda ƙanwata ta ɗauka a Damagaram har ta sa aka yi mini saukar Alƙur'ani. Wasa ne. Likita da direban bas da tsohon ɗan sanda, kowa da takardar izininsa, su tsaya nesa da wata takarda mai zanen da'ira su yi ta huda ta da ƙaramar bindigar hannu. Wanda ya fi samun tsakiya shi ya ci. A sama akwai shugaban kulob, sai masu koyarwa, sai armuriye, wato makanikin bindiga, wani tsoho da muke kira Mushe Gaston, kamar a ce Malam Gaston a Faransanci. A ƙarƙashinsa ni. A ƙarƙashina tsintsiya. Na shiga a farkon shekarun dubu biyu ina share kwanson harsashi, da karatuna na lekol aji biyar, har na kai ga riƙe makullin ɗakin ajiya.

Tsarin Mushe Gaston ba shi da wuyar ganewa. Manyan sassan bindiga hukuma ta san da su, ba a taɓa su sai da takarda. Amma akwai ƙananan abubuwa masu gajiya kamar ɗan Adam, kuma babbansu shi ne resor. Waya ce murɗaɗɗiya irin ta cikin biro, sai dai ta fi ta tsawo da ƙarfi, ita ke maido da saman bindiga wurinsa bayan kowane harbi. Kowace bindiga tana da littafinta. In harbi ya kai adadin da Gaston ya yanka, sai ya cire resor ɗin ko da lafiyarsa ƙalau, ya sa sabo. Sababbin suna zuwa ɗai-ɗai cikin ƴar leda, da lamba da sunan irin bindigar a jiki. Tsohon kuwa sai ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba.

"Idrissa, shara."

To, a nan gizo ke saƙar. Mahaifina mai gyaran keke da keken ɗinki ne a kasuwar Damagaram. Mutum ne da in ya ga ƙusa a hanya zai tsaya ya ɗauka, ko da gawa ake rakawa. Rumfarsa cike take da gwangwanaye, kuma duk abin da ka nema sai ya zuba hannu ya lalubo maka. Da wannan na tashi: ƙarfe ba ya mutuwa, suma yake yi. Sai ga Nasara yana miƙo mini ƙarfe lafiyayye wai in zubar. Nakan ce "to, Mushe," in zagaya baya, in goge shi tas da tsumma da ɗan mai, in jefa cikin wani gwangwanin madara da na ɓoye bayan bokitan shara. Shekara goma sha biyu ina wannan ibada. Ban sayar ba, ban ba kowa ba. Ina dai jin daɗin sanin suna nan.

Sai Dije ta shigo kulob. Bafulatana ce ƴar wajen Dakoro, ta yi karatun injiniyan ruwa a Villeurbanne, nan gefen Lyon, ta sami aiki a Paris. Ni kuwa Babarbare ne, kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Ranar farko da ta ji ina waya da Hausa, ta tambayi garinmu, ina faɗa ta ce, "Alhamdulillahi, ashe an riga an kawo mini bawana." Na ce mata bindiga ba sanda ba ce, kada ta zaci shanu za ta kora. Daga ranar take ce mini Baba Idi, ni kuma ina ce mata ƴar Fulani.

Yarinyar ta iya. Hannunta ba ya rawa. Shekara uku tana neman ta kai gasar ƙasa, kuma a wasan sai ka sami wani adadin maki a gasar share fage kafin a ba ka gurbi. Sau biyu tana kusa tana faɗuwa. A shekara ta uku ta riga ta karɓi aiki a Yamai, za ta koma gida da kaka, inda ba ta sa ran sake riƙe bindigar wasa. Gasa ɗaya ta rage mata, wadda za a yi kusa da Lyon cikin bazara.

Satin gasar aka yi wa Mushe Gaston aiki a gwiwa. Kafin ya tafi asibiti ya kira ni, ya ɗora wani ɗan akwati kamar na ashana babba a kan tebur. Ledoji biyar ne a ciki: resor ɗaya, ƴar allurar da ke dukan gindin harsashi, ɗan ƙugiyar da ke fizgo kwanso, da wasu ƙanana biyu.

"Wannan na bindigar Madam Dije ne. Za ka bi su Lyon. In wani abu ya karye, ka ba ta ledar, ta san yadda ake sawa. Ba ruwanka da tunani."

Na ce, "Mushe, resor ɗaya tak?"

"Bindiga ɗaya ce, Idrissa."

Ran Juma'a bayan na dawo daga masallaci na zauna na dubi akwatin nan, tausayin Turawa ya kama ni. A ce mutum zai yi tafiyar awa biyar da guzuri ɗaya! Mu ko Mirriya, nan kusa da Damagaram, za mu je, sai an ƙulle mana abin da zai kai mu Agadas. Na ɗauko gwangwanina. Na so in ƙara ko da guda goma cikin akwatin, bai ɗauka ba. Sai na ce to, tunda ƙarami ba ya haɗiye babba, babba ya haɗiye ƙarami. Na yage ledojin nan biyar, na zuba kayan cikin gwangwani, na girgiza don mai ya ratsa ko'ina. Ledojin kuwa, da lambobinsu da komai, na dunƙule na jefa a shara. Na rufe ɗaki ina jin kaina kamar wanda ya ceci ƙasa.

Muka tafi da motar kulob, bindigogi babu harsashi, a kulle cikin akwatunansu kamar yadda doka ta ce. Gasar kashi biyu ce. Da safe harbin natsuwa, mutum ya ɗauki lokacinsa. Bayan azahar na sauri, takardar ta juyo maka daƙiƙa uku ta juya baya. Da safe Dije ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Abokan karatunta na Villeurbanne da suka zo kallo har sun fara maganar inda za a ci abinci.

A zagaye na uku na harbin sauri bindigar ta ƙi. Ta ɗaga hannu kamar yadda ƙa'ida ta ce, ba ta taɓa komai ba har alƙalin gasa ya zo ya duba. Resor ya karye, sabo ma, wanda bai yi wata biyu ba. Abin da ake ajiye na canji dominsa ke nan. Alƙali ya kai mu teburin gyara, ya dubi agogo ya ce minti goma sha biyar.

Dije ko a jikinta. Ta miƙo hannu. "Baba Idi, leda."

Na ɗora gwangwani a tebur, na buɗe.

Ban san resor suna auren juna ba sai ran nan. Tafiyar mota ta sa sun sarƙe, sun zama dunƙule ɗaya kamar taliyar da ta kwana, suna ɗigar da mai. Sun fi arba'in, na bindigogi iri-iri. Alƙali ya leƙa, ya cire tabarau, ya sake leƙawa.

"Baba Idi, mi ke nan?"

"Wadata ce, ƴar Fulani."

"Ina na Gaston?"

"Yana ciki."

Ta shimfiɗa farin hankici, ta fara warware su ɗaya bayan ɗaya. Ba a jan resor da ƙarfi, sai an murɗa a hankali, kuma yatsun da take murɗawa da su su ne waɗanda take buƙata a bushe, a natse. Na kai hannu zan taya, ta kalle ni, na mayar da hannuna aljihu. Minti tara suka tafi a haka. Ta ware masu kauri, ta ware gajeru, saura guda huɗu irin na bindigarta. Ta jera su. Resor in ya gaji yakan ɗan ragu, sai ta fitar da biyu. Saura biyu, tsawonsu kusan ɗaya.

"Wanne ne sabon?"

Na ɗauka na duba a haske. Na ma shinshina, don kada a ce ban yi komai ba. Na nuna mai ƙyalli.

Ta ajiye shi gefe ta ɗauki ɗayan, mai duhu. "Na kamfani ba ya ƙyalli haka. Wannan ya sha tsummanka."

Ta sa, ta rufe, saura minti ɗaya. Bindigar ba ta ƙara ƙi ba har aka gama. Amma wadda ta koma layin harbi ba ita ce ta safe ba. Numfashinta ya tashi, tafin hannunta da santsin mai duk da ta goge. Harbi biyu na farko suka fita gefe, sannan ta dawo daidai. Da aka lissafa, maki biyu suka hana ta gurbi.

Muka kama hanyar komawa Paris. Na so in ce babu rabo, sai na ga wannan karon in na ɗora wa rabo, rabo zai kai ni ƙara.

Da Mushe Gaston ya dawo da sandarsa, na kai masa gwangwanin da kaina. Bai yi faɗa ba. Ya zube su a tebur, ya ɗauko almakashin ƙarfe, ya sa ni na datse kowanne biyu kafin ya shiga shara. Ya ce abu ɗaya: "Kaya arba'in da ba ka san su ba, babu ke nan." Tun daga ranar duk tsohon da aka cire a gabansa ake datse shi, kuma har na bar aiki haka ake yi. In kun ga almakashin nan rataye kusa da tebur, to sunana ne a jiki, ba a dai rubuta ba.

Abin da na gane a makare shi ne, mahaifina ba tarin ƙarfe ne gwanintarsa ba. Ya san kowace ƙusa da keken da ta fito. Ni na gaji gwangwanin, ban gaji kan ba. Kayan canji ba yawansu ake nema ba. Ana so ranar da abu ya karye, ana ƙirga maka minti, hannunka ya tafi kai tsaye kan wanda ya dace. Ƴar ledar nan da na raina, ita ce ke riƙe wa mutum wannan sanin.

Kafin Dije ta tafi Yamai, ƴan kulob suka haɗa mata cin abinci a wani ɗan gidan abinci a Belleville. Ta riga ta huce, har ta kawo mini hula. Da na ga ana dariya, ciki ya ɗauka, sai tsohon hali ya motsa. Na gyara murya na ce a yi mini adalci: ko ba komai, resor ɗin da ya gama mata gasar daga gwangwanina ya fito, kuma mu Barebari ba a san mu da zubar da kaya ba, ba kamar wasu da ke tashi su bar ruga da komai a ciki ba.

Ta ajiye cokali. "Gaskiya ne, Baba Idi. Shekara goma sha biyu ba ka zubar da komai ba. Ranar da Allah ya nufe ka da zubarwa, sai ka zaɓi abu ɗaya tak mai amfani."

Na sa hulata na ci gaba da cin shinkafata.