Bayan Sunan Yayana

Ni ban yi boko mai nisa ba, abin da na gani shi zan faɗa. A zangon garinmu aka haife ni, bakin tekun Gana. Fataucin goro ya kawo kakanninmu, mu kuma muka tashi muka tarar da teku a ƙofar gida. Ba mu da taru namu. Na 'yan gari muke ja, igiya ta cinye mana tafin hannu, mai taru ya kwashe kifinsa ya watsa mana na miya. Mu biyu Inna ta haifa. Yayana teku ta ci shi shekarar da zan taho, ko gawa ba a gani ba.

A tamanin da takwas na shigo New York. Ɗaki a unguwar Tompkinsville, aiki a kasuwar kifi ta bakin kogi a Manhattan, ina jan akwatuna da ƙugiya cikin ƙanƙara. Takardun zama ba ni da su. In na fita ƙasar, babu dawowa.

Ran Lahadi bayan la'asar 'yan garinmu kan haɗu a unguwar Mount Hope, gidan wani dattijo da muke kira Alhaji. Shi kaɗai ke da takardu. Sauran direbobin tasi ne, da masu gadi, da wani mai wankin kwanuka wanda bakinsa ba ya hutawa. A nan muka yanke shawarar saya wa 'yan zango taru da kwalekwale, na kowa da kowa, kada su ƙara ja wa wani. Mun daɗe muna haɗa kuɗin. Alhaji ya kai da hannunsa, ya tsaya har aka jefa tarun a ruwa.

Ranar da ya dawo falo ya cika. Ya ce taru ya yi albarka, matan zango har sun gina murhun banda tare. Mai wankin kwanuka ya ce to a aiko masa da nasa ta gidan waya, ko kan kifi ne, ya gaji da kazar Amurka mai ɗanɗanon katifa. Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba.

Ya ce akwai magana. Al'adar bakin ruwan duk mun san ta. In an jawo taru, sai a kasa kifi a kan yashi, a kira sunan kowa. Masu jan igiya layinsu daban. Can gefe kuma akwai layin waɗanda ruwa ya ci, ana kiran sunansu kamar suna nan, matansu ko iyayensu su ɗauka. Layi biyu ne tun kaka da kakanni. Mu da muka sayi taru muna da kaso, amma hannunmu ba ya kan igiya. Shugaban masunta ya rasa inda zai sa mu, sai ya sa mu a na biyu.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, da kunnena na ji sunanka. Bayan na yayanka ake kiransa. Innarka ke ɗaukar duka biyun."

Falo ya kaure da hayaniya. Wani ya ce wannan ai mugun fata ne, an yi mana jana'iza da ranmu. Alhaji ya ce ya yi magana da shugaban, shi kuma ya ce wanda bai so ba, a cire sunansa, amma kason ya tafi tare da sunan, ba zai ƙirƙiro layi na uku ba. Masu ƙanne a kan igiya nan take suka ce a cire. Ni Inna ba ta da kowa a kan igiya.

"Ta ce kai za ka zaɓa," in ji Alhaji. "Ta ce kason yayanka ma ya ishe ta, in ta haɗa da garin rogo."

Na san ƙarya take. Na ce a bar sunana.

"Ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani, Alhaji. Kiran suna ba ya kashe mutum."

Lokacin da suke kasa kifi can, nan gari bai gama wayewa ba, ina tsakiyar aiki. Sai in ji an kira ni, da cikakken suna, har da na babana, yadda ba mai kirana a ƙasar nan. In waiwaya, ba kowa sai kifi a jere a kan ƙanƙara. Ogan wurin ya daka mini tsawa, in ci gaba da ja.

Shekaru suka tafi. Wani da ya zo daga gida ya gaya mini yaran da aka haifa bayan tahowata sun ɗauka 'ya'yan Inna duka biyu ruwa ya ci. Da fari takan gyara musu, ta ce ƙaramin yana Amurka. Daga baya ta daina. In ta yi wa yayana sadakar waina ran Juma'a, faranti biyu take fitarwa.

A casa'in da shida ta rasu. Ban je ba. Ba a cire sunana ba, tsofaffin matan layi na biyun ke raba kason.

Takardu sun fito daga baya. Alhaji ya ce yanzu sai in je in ga tarun da na saya. Na ce to. Har yau ban sayi tikiti ba. Ban san yadda zan sauko kan yashin nan da ƙafafuna ba, ana cikin kiran sunaye, in amsa.