Baba Rage-Wuta da Kumfar Lagireto

Kullum da sassafe, kafin inji ya ɗau zafi, Baba yakan buɗe murfin lagireto, ya sa a tayar da mota, ya zuba wa ruwan ido. Kumfa yake nema. In ta taso, to gaskit ya fara sakin iska, wato siririn faifan nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa.

Garejinsa na ƙara wa motoci ƙarfi ne, amma sunan da samari suka laƙa masa Rage-Wuta. Su zo a ƙara musu turbo, ya ce sai dai a rage. Sukan fita suna tambayar juna, wai wannan bakanike ne ko jami'in hanya?

Yakan ce musu, "Turbo iska yake durawa cikin silinda. Iska ta ƙaru, matsi ya ƙaru, kuma gaskit ne zai sha. Ranar da ya ƙone, ruwa da mai su cakuɗe, a tsakiyar titi za ku sani."

Baba, kai ne ka yarda aiki ya wuce ka, da dai ka saki mota da cuta a ciki.

Sai ga mijin 'yarsa ya kawo motarsa a ƙara mata turbo, da abokai biye da shi. Aka buɗe, kumfa ta taso.

"Baba, 'yar kumfa ce fa."

"Sai an buɗe kan injin, an sake gaskit. Kafin nan ba na ƙara ko kaɗan."

Surukin ya ɗauka dizga shi aka yi gaban mutane. Ya ɗauke ƙafa daga gidan, 'yar da jikoki ma shiru. Abin ya ɗaure wa Baba kai, ya kuma yi masa ciwo ƙwarai. Ya riƙa tambayar matarsa, "Ni wai me na yi? Zaginsa na yi?"

Ta ce, "Malam, ka ɗan murɗa masa turbon mana, a zauna lafiya. Ni jikokina nake so."

Wallahi har ya ɗauki sifana ya je gidan surukin. Maƙwabta sun ga ya buɗe bonet, ya daɗe tsaye, ya rasa wanda zai bi, matarsa ko idonsa. Can ya mayar ya rufe, ya ce da surukin, "A cikinta kake ɗaukar yaran nan." Ya juya gida bai taɓa komai ba.

Ranar da ya ajiye aiki, saboda tsufa, jama'a sun taru yi masa bankwana, ana cikin gaisawa sai ga motar surukin a hankali. 'Yar ta fito, yara suka ruga suka rungume shi. Surukin ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, a buɗe kan injin."

Baba ya dubi jama'a, ya dubi sabuwar rigarsa. "Yau? Yau da na daina?" Bai jira amsa ba ya tuɓe rigar, ya miƙa wa matarsa.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma masu riƙe da sifana, in kun ga kumfa ku faɗa, ko da motar surukinku ce.