Badaru da Tsohuwar Na'urar Ajiye Takardu

Shekara goma sha tara bango ɗaya ne ya raba shagona da na Badaruddeen a Treichville, bakin unguwar Biafra. Ni tela ne, sunana Tanko. Shi mai gyaran na'urori ne, kuma Badaru kowa yake ce masa. Dukkanmu a Abidjan aka haife mu. Fataucin goro ne ya kawo mahaifinsa daga Kano, ya zauna bai koma ba. Hausar Badaru rabinta Faransanci ce, in ransa ya ɓaci kuwa Julanci, yaren kasuwar Abidjan, yake juyawa.

A 1992 ya buɗe shagon, lokacin keken rubutu yake gyarawa. Da keken rubutu ya mutu ya koma injin fotokofi, daga nan ya koyi kwamfuta da kansa, yana kwance waɗanda suka lalace yana mayarwa. Mutum ne gajere, mai ƙiba kaɗan, marar yawan magana. Abincin ranarsa ɗaya ne, garba, wato dambun rogo da kifi da barkono mai yawa, a tsaye yake ci. Zuwa 2004 ya tara kwamfuta huɗu da injin fotokofi da na'urar ɗaukar hoton takarda. Matarsa Khaulat ce ke buga wa mutane wasiƙu a teburin bakin ƙofa.

Ƙarshen shekarar nan gari ya rikice, kamfanoni da yawa suka rufe. Wani Alhaji mai shigo da kaya ya sayi kayan ofishin wani kamfani gaba ɗaya, tebura da kujeru da kabad. A ciki akwai wata ƙatuwar kwamfuta, tsayinta ya kai cinyata, wadda ake ce wa serveur, wato uwar da sauran kwamfutocin ofis ke jingina da ita. Alhaji ya rasa mai so, har ya yi niyyar kai ta wurin masu ƙarfe a Adjamé. Badaru ya roƙe shi ya bar masa. Ni na taya shi sauke ta daga amalanke, bayana ya yi kwana uku yana ciwo. Fiye da shekara tana kwance a ƙarƙashin tebur, a kanta muke ɗora butar shayi. Khaulat ce ta raɗa mata suna Tsohuwa.

A damunar 2006 abin da ya tashe ta ya faru. Malam Abdulmutallib, malamin da ya karantar da yawancin mutanen Biafra, ya je Adjamé da takardun gidansa duka a cikin ambulan, zai sabunta katinsa na shaida. Ruwa ya sauko, mahaɗar Indénié ta cika kamar yadda ta saba, gbakar da yake ciki, wato ƙaramar bas ta haya, ta mutu a tsakiya. Da suka fito ruwa ya kai ƙugu, santsi ya ɗauke shi ya faɗi. Ya iso shagon Badaru jiƙe sharkaf, ya shimfiɗa takardun a tebur ko za su bushe. Tawadar ta riga ta narke. A wancan zamani wanda ba shi da takarda ba ya iya wuce shingen hanya lafiya, balle mai suna irin namu na 'ya'yan baƙi. Malam ya yi wata bakwai yana zarya a ofishin magajin gari, domin bai riƙe lambar rajista ko ɗaya a ka ba, su kuma sun ce sai da lamba za su iya buɗe littafi.

Wannan zaryar ta tsaya wa Badaru a rai. Wata safiya ya jawo Tsohuwa tsakiyar shago, ya kwance murfinta, ya hure ƙurar ciki. Da farko ya goge duk abin da kamfanin ya bari a fayafayenta, bai buɗe ko ɗaya ba, ya ce ba nasa ba ne. Ya shiga Adjamé ya nemo sababbin fayafayen ajiya guda biyu manya. Ya sa mata manhaja ta kyauta, ya tsara ta yadda duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya zai rubutu a ɗayan nan take. Sai ya cire mata allo da madannai. Na tambaye shi yadda za a yi aiki da kwamfuta ba allo, ya ce ai ita ba wanda zai zauna a gabanta, aikinta ɗaya ne, ta riƙe abin da aka ba ta. Ya ja waya daga gare ta zuwa kwamfutoci huɗun nan, kowace ka zauna a kai kana iya ajiyewa, kana iya ɗaukowa. Ya ɗora ta a kan bulo saboda ambaliya, ya kafa mata fanka, ya haɗa mata batir don ɗaukewar wuta.

Sati biyu ya yi yana fama kafin ta yarda. Daga ranar kuwa ƙuginta bai daina ratso bangona ba. Na yi ƙorafi sau biyu, daga baya na saba, har in ta yi shiru nakan leƙa in ga ko lafiya.

Takardun Malam sababbi su ne farkon shiga. Ranar Juma'a Malam ya yi wa mutane bayani a ƙofar babban masallaci, ya ce duk mai so ya kai, ajiya kyauta ce. Khaulat ke ɗaukar hoton takarda ta mayar wa mai ita a take, Badaru ya buɗe wa kowane gida jakarsa da sunan maigida. Su biyu kaɗai suka san kalmar sirri. Mutane ba su zo da gudu ba. Wasu suka ce gwamnati ce ta sa shi, wasu suka ce na'ura aika labari take yi Faransa. Ni kaina, da nake maƙwabcinsa, sai da na shekara kafin na kawo namu. Bai taɓa tambayata dalili ba. Ranar da na kawo ya karɓa, ya ce in zauna in sha shayi.

A hankali abin ya yaɗu. Takardun haihuwa, takardun aure, katin zama, takardun fili, sakamakon makaranta. Wata tsohuwa ta kawo hoton mijinta guda ɗaya tak da ya rage mata. Malam ya riƙa kawo littattafan mahaifinsa na rubutun hannu, shafi ashirin kowace Alhamis. A 2009 faifai ɗaya ya mutu da rana tsaka, na'urar ta yi ta kuka. Badaru ya hau gbaka ya tafi Adjamé, ya dawo da wani ya saka, kafin la'asar ta washegari ta kwafe komai daga ɗan'uwansa. Ko shafi ɗaya bai ɓata ba, yawancin mutane ma ba su san an yi ba.

Bayan zaɓen 2010 gari ya sake ɓaci, wannan karon fiye da na baya. A watan Maris na 2011 aka fara shiga shaguna ana bincike. Wata rana da hantsi na shiga wurin Badaru, na tarar ya rufe ƙofa rabi, ya kashe fanka, ga guduma a kan tebur.

"Tanko," ya ce, "gida ɗari uku da goma sha ɗaya ne a cikin nan. Da sunan kowa, da garin da ubansa ya fito, da layin da yake zaune. In ta faɗa hannun da bai dace ba, ni na miƙa su."

Na ce masa kada ya fasa komai sai mun ga Malam. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce takardun ba na Badaru ba ne balle ya yanke hukunci shi kaɗai, a tambayi masu su. Kwana uku muka yi, ni da shi da Khaulat, muna bin gidaje da zaurukan salla. Gida ashirin da shida suka ce a goge nasu. Badaru ya kira kowane maigida shago, ya goge a gaban idonsa. Sauran suka ce a bari, Allah ya tsare.

Sai ya kashe Tsohuwa, ya zare fayafayen biyu. Ɗaya Khaulat ta naɗe a leda ta tura cikin buhun shinkafa. Ɗayan ya miƙo mini.

"Kai ne mai allura," ya ce.

Na naɗe shi da ƙyalle, na cusa a tsakiyar matashin kai, na ɗinke bakin.

Gidana a Adjamé yake. Kwana biyar bayan haka harbi ya matso layinmu, muka fito da abin da ke jikinmu da katin da ke aljihu, ni da matata da 'yata Ni'ima. Akwatin takardu na ƙarƙashin gado, ba wanda ya tuna da shi sai da muka haye gada zuwa Treichville. Malam ya sauke mu a gidansa a Biafra, mu goma sha huɗu a ɗaki biyu. Matashin kan nan yana shagona, na ɗauko shi, a kansa nake kwana. Yana da tauri a tsakiya, wuyana ya sha wuya, ban kuma gaya wa kowa dalilin da ya sa na hana a taɓa shi ba.

Da abin ya lafa a ƙarshen Afrilu na je Adjamé. Ɗakinmu ya ƙone, akwatin ya zama toka. Na dawo Treichville na tarar an fasa shagon Badaru, an kwashe kwamfutoci huɗun da injin fotokofi. Tsohuwa sun ja ta har bakin ƙofa, nauyi ya hana su, suka yar da ita a gefe, murfinta ya lotsa. Badaru yana tsugune a gabanta yana goge ta da tsumma. Bai yi maganar abin da aka sace ba. Ya tambaye ni matashi.

Na farke ɗinkin, Khaulat ta kawo nata yana ƙamshin shinkafa. Ya mayar da su, ya aro ƙaramar kwamfuta wurin wani abokinsa, ya haɗa waya, ya danna. Ta yi shiru kamar ba za ta tashi ba, sannan ƙugin ya fara. Jakunkuna suka jero a allon, gida bayan gida. Khaulat ta juya baya tana share ido da mayafi.

Tawa ya fara buɗewa, ban roƙe shi ba. Ga takardar haihuwar Ni'ima, da lambar rajista da shekara da hatimi, ga ta aurenmu, ga ta gidan. Hoto ba ya maye gurbin takardar asali, amma da lambar nan a hannu kwana tara kawai na yi aka ba ni sababbi. Ni'ima ta haɗa takardunta na neman shiga makarantar ungozoma a kan lokaci. Da ban kai wa Badaru akwatin nan a 2008 ba, ban san shekara nawa za mu yi muna yawo ba.

Duk watan Mayu da Yuni layi bai yanke a ƙofarsa ba. Mutanen Adjamé da aka ƙona wa gida, da waɗanda suka gudu Ghana suka dawo hannu biyu. Da ƙaramar kwamfutar aro da injin bugawa ɗaya yake sallamar su. A cikinsu akwai wani direban tasi da ke cikin masu cewa a goge nasu, shi ma gidansa ya ƙone. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana jin kunya, ya tambaya ko akwai abin da ya rage. Badaru ya ce babu, ya goge da gaske kamar yadda ya yi alkawari. Washegari ya rufe shago, ya raka mutumin ofishin magajin gari, suka yi ta bin litattafai shekara bayan shekara. Sai a zuwa na huɗu suka samu lambar rajistarsa.

Na rasa abin da zan saka wa Badaru da shi. Da babbar salla ta matso na sayi shadda mai kyau ruwan toka, na ɗinka masa kaftani ba tare da na auna shi ba, domin shekara goma sha tara ina ganin jikinsa. Na kai masa ana jibi salla. Ya saka a kan rigar aikinsa, ya juya, ya ce ya yi daidai. Sai ya cusa hannu a aljihu ya ɓata fuska, ya ce aljihun ba zai ci sukurdireba ba. Na ce masa ba a zuwa idi da sukurdireba. Ya ce shi yana zuwa. Na karɓo rigar na koma shago, na farke aljihun na ƙara masa tsawon yatsa huɗu.