Man Kaɗe a Bindigar Baba

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Salla, a shekarar da na cika tara, Baba ya dawo daga kasuwar Jega da la'asar sakaliya. Bai ko sauke wa jaki mangala ba ya kira ni ɗakinsa ya saki asabari. Na zaci laifi na yi, don ni ba a raba ni da laifi. Sai ya zaro wani ƙulli daga aljihu ya warware tsumma, ga wata 'yar bindiga baƙa wadda girmanta bai wuce tafin hannunsa ba. Ya cire harsasanta biyar ya jera a kan buzu, ya miƙo mini ita, ya ce daga yau kowace Juma'a ni zan riƙa goge ta ina shafa mata mai. Ya ce idan ko kazar gidanmu ta ji labari, kunnena zai gaya mini.

A lokacin Nasara ba su daɗe da cin ƙasa ba. Baba ya yi wa wani Nasara mai sayen fatu dako na rani biyu, da ciwo ya ci ƙarfin mutumin za a mai da shi ƙasarsu, ya ba Baba bindigar da harsashi shida. Ɗaya Baba ya harba a daji don ya ji muryarta, sauran ya hana kansa taɓawa saboda babu inda zai samo wasu. Riƙe bindiga ba takarda laifi ne babba, shi ya sa bai iya tambayar kowa yadda ake kula da ita ba. Abin da ya sani shi ne ƙarfe mai yake so. Wuƙarsa da takobin kakanmu duk da mai ake raya su, ita ma ai ƙarfe ce.

Ni ya zaɓa, ba yayana Mamman ba, domin Mamman ba ya iya riƙe magana, idan ya ga abu da safe kafin azahar duk garinmu Danwarai ya ji. Ni kuwa an san ni da gyaran akussan Inna, ina murza su da mai har sai sun yi baƙi wuluk suna ƙyalli. Na ɗauki aikin nan da girman kai. Kowace Juma'a idan na gama surfe na share tsakar gida, sai in saci jiki in lakato man kaɗe daga kaskon Inna, in shiga ɗakin Baba. Ban tsaya a bayanta ba. Da gashin kaza nake cusa man a kowace kafa da kowane lungu, har harsasan nake mulke su ɗaya bayan ɗaya. Baba yakan juya ta a hannu ya yi murmushi ya ce, "Kulu, hannunki na da albarka." Wannan yabon ya sa nake ƙara yawan man duk mako.

Mamman bai san komai ba, sai tsokanata yake yi wai ina warin kaɗe kamar tsohuwa. Shi ne mai ɗaure mini lilo a reshen tsamiya, shi ke sassaƙa mini 'yar tsana da karan dawa, kuma shi ke cinye mini gyaɗa idan na juya baya. Muna faɗa kullum, amma ban taɓa zuwa fadama ba tare da shi ba.

Da ɗari ya shigo aka koma aikin albasa. Wata safiya mai sanyin gaske, irin wadda man kaɗe ke daskarewa a kasko sai an sa wuƙa, muna fadama mu uku. Baba na jan jigo, Mamman na buɗe wa ruwa hanya tsakanin fangali, ni ina cire ciyawa. Sai ga wani jan kare ya ɓullo daga cikin kabobi, kansa a sunkuye, yawu na zuba, yana tafiya a karkace. Bai yi haushi ba. Baba ya ce kada kowa ya motsa, ya saki jigo ya zaro bindigar. Karen ya nufo ni.

Na ga Baba ya saita ya danna kunama, ba abin da ya fito sai wani ɗan ƙyas. Ya kama samanta ya ja baya da ƙarfi don ta tofar da harsashin ta ɗauki wani, ta tafi rabi ta cije, ba gaba ba baya. Ya buga ta a gwiwa, ya sa haƙori, yana kiran sunan Allah. A wannan ɗan tsakanin Mamman ya tsallako fangali ya tsaya a gabana da 'yar fartanyarsa. Karen ya kama shi a dantse. Wani Bafulatani da ke shayar da shanu a ƙasanmu ya sheƙo ya gama da karen da sanda, bugu biyu kawai. Bindigar tana hannun Baba har lokacin, bakinta a buɗe.

An ƙona ciwon da ƙarfe mai zafi, an kai Mamman wajen mai magani a Giwa Tazo, ya sha sassaƙe da rubutu. Ciwon ya warke, har ya koma fadama, har muka fara sakin jiki. Bayan wata guda da 'yan kwanaki ya fara ƙin ruwa. Idan Inna ta kawo ƙwarya sai ya ƙanƙame yana kakari. Ba zan faɗi sauran ba, don har yau ba na iyawa. Kwana huɗu ya yi Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar bakwai wani maƙeri daga Karaye, tsohon aminin Baba mai gyara wa maharba bindigoginsu na adaka, ya zo gaisuwa. Da mutane suka watse Baba ya ja shi bayan rumbu ya nuna masa bindigar, don yanzu ba ya tsoron kowa. Maƙerin ya shinshina ta, ya ce a kawo tafasasshen ruwa, ni aka aika. Ya tsoma ta a ciki, ina tsaye na ga mai ya taso fari fat ya rufe ruwan, da ƙasa da guntayen gashin kaza. Ya shanya ta, ya goge, ya zaɓi harsashin da mai bai ci sosai ba, ya juya ga kukar bayan gida. Dannawa ɗaya ta tashi. Tsuntsaye suka watse, Inna ta fasa kuka a cikin gida.

Maƙerin ya ce irin waɗannan ƙanana ba su da haƙuri, ɗigon mai mai ruwa ya ishe su, abu kaɗan ke sa su cije. Sannan ya dubi ruwan ya ce, "Wagga ba takobi ta ba. Wa ka shahwa mata man kaɗe haka?"

Bakina ya buɗe, amma Baba ya riga ni. Bai ko dube ni ba ya ce, "Ni na."

Juma'ar da ta zagayo Baba ya jefa bindigar a gulbi a hanyar Jega. Bai sake ambatonta ba, bai kuma taɓa sauya mini fuska ba. Sai ana gobe za a kai ni ɗakin miji a Aliero na durƙusa gabansa na ce ni ce na kashe Mamman. Sai ya ce, "Abin da anka sa ki kinka yi, kuma kin yi shi da kyau. Tashi, ɗiyata." Da ya zage ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Yanzu albasar da muke ɗora wa jaki manyan motoci ke kwasa, kuma idan kare ya ciji yaro allura ake yi masa a asibiti ya dawo gida yana wasa. Ina ganin samari suna sha'awar bindiga a kafaɗar 'yan sanda, suna jin wanda ya riƙe ta ya gama tsira. Ba na ce musu komai. Jikokina kuwa dariya suke yi mini, wai duk kaushin da ke ƙafata na ƙi shafa man kaɗe, kuma ban taɓa gaya musu dalili ba. Baba ya ɗauke mini laifin a gaban maƙerin, amma warin man nan bai bar hannuna ba.