Yarinyar da Ta Fito Bahaguwa

Ƙawata Saratu, ajiye wankin nan ki karanta wannan.

Wata rana wani dattijo, Malam Sallau, yana zaune a bencin asibitin ido yana jiran a kira shi.

In kin yi firamare a zamaninmu, kin san hannunsa ko ba ki san fuskarsa ba. Shi ke rubuta ƙananan littattafan nan na yara, shi ke zana hotunansu. Akuya mai dogon gemu, tsohuwa mai kaɗi, jirgin ƙasa yana tuƙa hayaƙi.

Ba a ofis ya koyi aikin ba. A zauren gidansu yake zama da fensir, yana kallon yara suna langa da 'yar gala-gala. Sai ya zana, ya bi da tawada, ya kira yaran ya nuna musu. In ba su yi dariya ba, ya yage ya sake.

Shekara arba'in yana wannan. Littafi goma sha bakwai.

Amma in kin tambaye shi, sha shida zai ce.

Na farkon ne ba ya so a ambata. Labarin wata yarinya ne, Lantana, da aka aika rafi da tulun kakarta. Wata takwas ya yi yana zana shi, yana saurayi, ko gemu bai tsayar ba.

A maɗaba'a, wani ma'aikaci ya ɗora hotunan a juye. Rubutu ya fito daidai, hotuna kuwa dama ta koma hagu.

Lantana tana shara da hagu. Tana rubutu a allo da hagu. Tana miƙa wa kakarta ruwa da hagu.

A shafi na tara kuma, ta sa hagu a kwanon tuwo.

Iyaye suka yi ca. Wani hedimasta ya mayar da kwali guda, ya ce shi ba zai koya wa 'ya'yan mutane rashin tarbiyya ba. Mahaifin Sallau ya yi sati bai amsa masa gaisuwa da sakin fuska ba.

Tun daga nan, duk inda ya ji akwai littafin, sai ya bi ya karɓo, ya ba da wani a madadinsa, ya jefa wanda ya karɓo a murhu.

Yanzu ido ya yi rauni, fensir ya gagara. 'Yarsa Balaraba tana tattara littattafansa za a sake buga su. Ya ce mata duka ya yarda, ban da Lantana. Ta roƙa har ta gaji.

To, yana nan zaune a bencin, sai ya ji murya kusa da shi tana cewa, "Lantana ta ɗauki tulu, ta ce Kaka sai na dawo."

Nan take ya gane kalmomin.

Ya juya. Wata mata ce, za ta yi hamsin, da jikarta a cinya. Littafin hannunta ya yi laushi kamar tsohon zane. An yi masa bango da takardar siminti, an ɗinke bayansa da baƙin zare.

Ya matso da fuskarsa har ya kusa taɓa takardar. Shi ne. Ga tulun, ga ɗan karen da ya ɓoye a bayan rumbu a kowane shafi don yara su nema.

Suka gaisa. Sannan ya ce, "Baiwar Allah, ki ba ni wannan, in kawo miki sababbi uku masu launi. Wannan ɓatacce ne."

Ta janye littafin zuwa ƙirjinta.

"Baba, ido kuka zo gyarawa ko fashi? Ina ɓacin yake?"

"Ba ki ga yarinyar komai da hagu take yi ba? Kuskure ne. Ni na zana shi, na sani."

Matar ta kalle shi. Sai ta sauke jikar, ta miƙo hannunta na hagu, ta juya bayansa. Akwai tsohon tabo a kan yatsu.

"Wannan dukan muciya ne, Baba. Bahaguwa aka haife ni."

Ta ce ba a sa ta boko ba. A gida, in ta ɗauki tsintsiya duka, in ta ɗauki ludayi duka. Har ta ɗauka ita kaɗai Allah ya yi haka a duniya.

Ran nan yayanta ya dawo daga makaranta ya yar da littafin a tsakar gida, wai malam ya ce a daina karanta shi. Ta ɗauka ta buɗe.

Sai ga yarinya irinta. A cikin littafi. Kuma kakarta tana mata murmushi.

Ta ce ta so ta san abin da kakar nan take faɗa wa yarinyar. Shi ya sa ta riƙa tare 'yan makaranta a bakin rijiya, ta nuna kalma ɗaya, a faɗa mata, ta koma ta zana ta da gawayi a bayan ɗaki. Shekara biyu kafin ta haɗa littafin daga farko har ƙarshe.

"Abinci da dama nake ci, yadda addini ya koyar," in ji ta. "Shafi na tara ma na gaya wa jikokina Lantana ta yi mantuwa ne. Amma wasiƙar da na fara rubuta wa ɗana yana bautar ƙasa, da wannan hannun na rubuta ta."

Malam Sallau ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Ya tuna murhu. Ya tuna guda nawa ya sa a ciki, da gidajen da ya karɓo su.

Aka kira sunansa sau biyu bai ji ba.

Da ya koma gida, tun daga zaure ya ƙwala wa Balaraba kira. Ya ce a sa Lantana a cikin waɗanda za a buga.

Ta ce, "Alhamdu lillahi! Ai zanenku na asali yana nan a adaka, Baba, komai da dama take yi a ciki. Wannan karon zai fito daidai."

Ya ce, "A'a. Shafi na tara kaɗai za a gyara. Sauran ki ce wa masu bugawa su juya su yadda suka fito da fari."

Darasi:

Abin da kike ɓoyewa don kunya, ba ki san wanda Allah ya ciyar da shi ba. Ki gyara abin da ya saɓa, amma kada ki ƙone aikin gaba ɗaya kafin ki ji daga bakin waɗanda ya isa gare su.

'Yan uwa, ku tura wa duk wanda ya taɓa koya muku harafi ko da ɗaya ne, ku sa shi a addu'a.

Ke kuma Saratu, na san kin gane unguwar da dattijon yake. Don Allah kada ki faɗa wa kowa. Mutum ne mai kunya, in aka cika masa zaure ba zai ji daɗi ba.