Kaset ɗin uwar Musa

Duk wanda Musa mai bidiyo ya taɓa ɗauka a garin nan ya san halinsa: kana yin murmushi zai sauke kyamara. Sai ya tsaya yana kallonka har haƙoranka su bushe, ka gaji ka ɓata rai, sannan ya danna. Wai murmushin gaban kyamara ƙarya ce, shi kuwa gaskiya yake nema. Shekara ashirin da ɗoriya shagon ɗinkina yana jikin nasa a Lafiya, ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

Akwai wani biki da aka kai shi Agyaragu. Da aka kunna kaset, sai ga wata tsohuwa tana wanke tukwane, rabin awa cur, amarya kuwa ƙeyarta kawai aka gani. Uban ango ya zo shago yana kumfar baki. Musa ya ce, "Baba, duk taron nan ita kaɗai ce ba ta yi ƙarya ba." Ni na raba su, da almakashi a hannuna.

Ga karatun littattafan falsafa, duk bangonsu ya cire. Ya je ya dami liman da tambayoyi, ya ƙetare titi ya dami fasto, har ta kai in sun hango shi sai su sake hanya. Wata rana aka ba shi fom ya cike. Wajen da aka ce ƙabila, ya tasa shi gaba har la'asar, ƙarshe ya rubuta: ana kan bincike. Mun sha dariya, amma wallahi ba wasa yake ba. Bai san ubansa ba. Wasu su ce Bakano ne ɗan fatauci, wasu su ce manomi ne daga Binuwai, uwarsa kuwa ba ta taɓa tankawa ba.

Kafin ta rasu ya ɗauki kyamara ya same ta a Awe tana dafa gishiri, ya tambaye ta ko wane ne ubansa. Ta amsa, dogon bayani ma, amma da yaren Alago. Shi kuwa tashin Lafiya ne a hannun kawunsa, in ban da gaisuwa ba ya jin komai. Kaset ɗin nan ya fi shekara goma a ajiye, wai da shi zai buɗe babban fim ɗin da yake burin yi. In na ce ya nemo mai fassara, sai ya ce lokaci bai yi ba. Tsoro ne kawai, na kuwa faɗa masa ido da ido.

To ga maƙo! Musa bai san sayen sabon kaset ba muddin akwai tsohon da za a ɗora wa wani aikin. Kuma ba ya rubutu a jikinsu, wai ya san kowanne da fuska.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa bara, ya ce in kira masa Mama Talatu mai doya, tunda Alago ce. Muka kakkaɓe tsohuwar na'ura, ya saka kaset da hannunsa. Sai ga rago ana feɗewa, ga mata ana ta guɗa. Wani suna ne da ya ɗauka a Ashige tun tuni, ya ɗora a kan uwarsa bai sani ba. Muka zauna muna kallon ragon mutane har ya ƙare. Hoto ya yi tsalle, sai ga uwar Musa a bakin murhu tana goge hannu da zani. Ta faɗi magana guda, kaset ya tsaya.

Musa ya ce, "Mama, me ta ce?"

"Cewa ta yi, ɗana, kashe abin nan haka, ka zo ka ci abinci."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya juya fuska bango. Ni dai ban ɓoye ba, kuka na yi. Bai ƙara tayar da zancen uba ba, bayan sati uku ya cika.

Ya Allah, Kai Ka san ko ɗan wane ne, ko da shi bai sani ba. Ka jiƙan Musa, Ka yafe masa, Ka sada shi da uwarsa.